Tambaya da Amsa: Władysław Skoczylas, Malamin da Ya Farfaɗo da Bugun Katako a Folan

A fitowar da ta gabata mun buga hoton wani zane baƙi da fari, wanda ya nuna wasu maza masu dogayen huluna suna tafiya a jere, riƙe da bindigogi da gatura, muka rubuta a ƙarƙashinsa cewa aikin Władysław Skoczylas ne, mutumin ƙasar Folan. Ba mu yi zaton wannan ɗan hoto zai jawo wasiƙu kamar yadda ya jawo ba. Wasu sun yaba, wasu sun nemi ƙarin bayani, wani kuma ya yi mana faɗa. Mun zaɓi shida daga cikin wasiƙun, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili, ga su nan tare da amsoshinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗalibi ne mai karatun zane, amma ban taɓa jin sunan wannan mutum a aji ba. Wane ne shi, kuma yaya aka yi ya shiga wannan sana'a? (Daga wani ɗalibi a Zariya)

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba abin mamaki ba ne da ba ka ji sunansa ba, domin littattafan tarihin zane da ake karantarwa da su sun fi mayar da hankali kan Italiya da Faransa da Jamus, su bar gabashin Turai a baya.

An haifi Skoczylas ranar 4 ga Afrilu, 1883, a Wieliczka, wani ƙaramin gari kusa da birnin Kraków a kudancin Folan. Garin ya shahara ne da ramin haƙar gishiri wanda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana aiki a cikinsa, har hukumar UNESCO ta sanya shi a jerin farko na wuraren tarihi na duniya a 1978, kuma mahaifin Skoczylas shugaban ma'aikata ne a aikin gishirin. A lokacin da aka haife shi babu wata ƙasa mai suna Folan a taswira, saboda Rasha da Furushiya da Ostiriya sun fara yankar ta tun 1772, suka gama rabe ta a tsakaninsu a 1795. Yankin su Skoczylas ya faɗa hannun Ostiriya, shi ya sa da ya gama makarantar sakandare a Bochnia, wanda shi ma garin gishiri ne, sai ya nufi Biyena, babban birnin daular, ya shiga makarantar fasaha da sana'o'in hannu daga 1901 zuwa 1904. Daga nan ya dawo Kraków, ya shiga babbar makarantar zane ta birnin, inda ya koyi zanen fenti a wurin Teodor Axentowicz da Leon Wyczółkowski, ya kuma koyi sassaƙa a wurin Konstanty Laszczka.

A nan ne ƙaddara ta juya masa hanya. Jikinsa ya ƙi fentin mai, wanda shi ne babban kayan aikin duk mai son ya yi suna a zane a Turai ta wancan zamani, don haka dole ya haƙura da shi, ya koma ga fentin ruwa da sassaƙa. A 1908 ya sami aikin koyarwa a makarantar sarrafa katako da ke Zakopane, wani gari a gindin tsaunukan Tatra, kuma zaman da ya yi a tsakanin mutanen tsaunukan nan shi ne ya ba shi kusan duk abin da ya zana daga baya. A 1910 ya tafi Faris don ƙaro ilimin sassaƙa a wurin Antoine Bourdelle, wanda ya daɗe yana aiki tare da shahararren masassaƙi Rodin. Ya kuma gwada zanen da ake ci da ruwan asid a kan farantin jan ƙarfe. Sai a 1913, yana da shekara talatin, ya je Leipzig a ƙasar Jamus, birnin da ya yi fice wajen ɗab'i da cinikin littattafai, ya koyi sassaƙa katako don bugawa a takarda. Shekara ɗaya bayan haka, a 1914, ayyukansa na katako suka ci kyauta a gasar Henryk Grohman ta masu wannan fanni.

Ka lura da wannan, tunda kai ɗalibi ne: mutumin nan ya yi shekara goma sha biyu yana zagaye tsakanin fenti da sassaƙa da jan ƙarfe kafin ya dace da abin da ya karɓe shi, kuma ko ɗaya daga cikin waɗannan bai tafi a banza ba, domin hannun masassaƙi ne ya riƙe wuƙar, idon mai zane kuma ya tsara abin da za a yanka.

Da Folan ta sami 'yancin kanta a watan Nuwamba na 1918, sai ya koma Warso, ya fara koyar da zane a babbar makarantar kimiyya da ƙere-ƙere ta birnin, sannan a 1922 aka ba shi kujerar farfesa a fannin zanen bugawa a makarantar zane ta Warso. Daga 1930 zuwa 1932 ya shugabanci sashen fasaha a ma'aikatar da ke kula da ilimi da harkokin addini. Ya rasu a Warso ranar 8 ga Afrilu, 1934, kwana huɗu bayan ya cika shekara 51, aka binne shi a maƙabartar Powązki.

Tambaya: Malam, kun ce zanen "bugawa" aka yi. To, mene ne bambancinsa da hoton da na kai shago aka yi mini kwafinsa? Ina so in yi wa ɗalibaina bayani yadda za su gane. (Daga wata malamar makaranta a Maraɗi)

Malama, sannu da ƙoƙari. Hanya mafi sauƙi ita ce ki ɗauki hatimin ofishin shugaban makarantarku ki nuna musu. Za su ga rubutun da ke jikinsa a juye yake, kuma harufan ne suka taso sama, an ƙwaƙule duk abin da ke kewaye da su, ta yadda idan aka dangwala hatimin a tawada, wurin da ya taso ne kaɗai zai ɗauka, shi ne kuma zai fito a takarda. Aikin Skoczylas haka yake, sai dai a maimakon roba ana amfani da allon katako mai santsi, a maimakon suna da adireshi kuma ana sassaƙa cikakken zane.

Mai aikin yakan fara zana abin da yake so a kan katakon, yana sane da cewa dama za ta koma hagu idan an buga. Daga nan sai ya ɗauki wuƙa da ƙananan ƙarafan sassaƙa ya riƙa cire duk inda yake so ya fito fari. A nan wahalar take, domin mai zane da alƙalami yana ƙara baƙi ne a kan farar takarda, shi kuwa mai katako yana farawa ne da duhu baki ɗaya, yana yanko haske daga cikinsa kaɗan-kaɗan, kuma abin da wuƙa ta riga ta cire ba ya komawa. Idan ya gama, sai ya shafa tawada mai kauri a saman katakon da abin mulmulawa, ya shimfiɗa takarda, ya danne ta da injin matsa ko ya goge bayanta da hannu har tawadar ta kama, sannan ya ɗaga a hankali. Idan ana son launi fiye da ɗaya, yawanci kowane launi da katakonsa, kuma sai an daidaita takardar daidai wa daida a kowane bugu.

Akwai iri biyu da ya kamata ki bambance musu. A tsohuwar hanya ana tsaga itacen ne bisa tsawonsa kamar yadda kafinta ke tsaga katako, a yi aiki da wuƙa, layukan su fito da kauri da ƙarfi. Da wannan hanya aka buga wani littafin addinin Buda a ƙasar Sin a shekarar 868, wanda shi ne littafi bugagge mafi tsufa mai ɗauke da kwanan wata da ya saura a duniya, da ita kuma Albrecht Dürer na Jamus ya fitar da shahararrun zane-zanensa a 1498. A hanya ta biyu, wadda Thomas Bewick na Ingila ya ɗaukaka a ƙarshen ƙarni na 18, ana yanka itace mai tsananin tauri ne a gicciye, a goge fuskarsa, a yi aiki da ƙarfe mai tsini, wanda ke ba da damar yin layuka sirara ƙwarai.

Wannan hanya ta biyu ita ce ta cika jaridun Turai da hotuna a ƙarni na 19, har da mujallun Warso. Amma a wancan tsari mai zane daban, mai sassaƙa daban: wani ya zana, a miƙa wa ma'aikaci ya kwaikwaya a katako, ba tare da an ɗauke shi a matsayin mai fasaha ba. Da aka gano yadda za a buga hoton kyamara kai tsaye a ƙarshen ƙarnin, sai sana'ar ta mutu murus. Abin da Skoczylas ya tsaya a kansa, kamar yadda wasu suka fara a Faransa da Jamus kafin shi, shi ne cewa mai zane ya sassaƙa katakonsa da hannunsa, ya kuma yi tunanin zanen tun farko yana sane da cewa da wuƙa zai yi shi, kada ya tilasta wa katako ya yi kamar alƙalami ko fenti.

To, ga amsar tambayarki. Kwafin da aka yi miki a shago yana da asali a wani wuri, wato takardar da kika kai. Shi kuwa bugun katako ba shi da wani asali da ke ajiye, domin katakon kayan aiki ne kawai, takardar da ta fito daga kansa ita ce aikin. Idan mai zanen ya buga hamsin, kowace ɗaya daga cikin hamsin ɗin asali ce, shi ya sa aka saba sa hannu a ƙasanta da fensir, a kuma rubuta ta nawa ce cikin nawa. Wannan ne ya sa malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci zai iya mallakar aikin babban mai zane, abin da ba zai yiwu ba da zanen fenti guda ɗaya tak.

Tambaya: Malam, gaskiya ban ji daɗin hoton nan ba. Na bincika na gano cewa 'yan fashi ne a ciki. A wannan lokaci da 'yan bindiga suka hana mu noma, ya dace mujalla ta ƙawata ɓarayi? (Daga wani magidanci a Gusau)

Malam, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya jiƙan waɗanda aka rasa. Bincikenka daidai ne, 'yan fashi ne, kuma damuwarka tana kan hanya. Bari in faɗi yadda abin yake, sannan in faɗi ra'ayina.

Mutanen da ke zaune a gindin tsaunukan Tatra, a yankin da ake kira Podhale, makiyayan tumaki ne da ƙananan manoma, kuma ƙasarsu duwatsu ce mai sanyi, ba ta ba da amfani sosai. A ƙarni na 17 da na 18, lokacin da talakan ƙauye yake ɗaure da yi wa mai ƙasa aikin tilas, samari da yawa sukan gudu su hau tsauni, wasu don guje wa aikin, wasu don guje wa shiga soja, su haɗa ƙungiya su riƙa tare fatake. Mafi shahara a cikinsu shi ne Juraj Jánošík, mutumin ɓangaren Sulobakiya na tsaunukan, wanda aka haifa a 1688 aka kuma kashe shi bisa hukuncin kotu a 1713. Fashin da ya yi bai wuce na shekara biyu ba, amma bayan mutuwarsa waƙoƙi da tatsuniyoyi suka mayar da shi gwarzon da ke ƙwace daga mai kuɗi ya ba talaka. An soke aikin tilas a yankin da Ostiriya ke mulki a 1848, kuma kafin Skoczylas ya iso Zakopane fashin tsauni ya riga ya zama labarin kakanni.

Abin da ya tarar shi ne hotunan da ke rataye a ɗakunan mutanen. Masu zanen ƙauye sukan yi zane a bayan gilashi da launuka masu haske, galibi na waliyyan addinin Kirista, amma a cikinsu akwai na Jánošík da mutanensa suna rawa a gefen wuta, wani yana tsalle yana harba bindiga. Waɗannan masu zane ba su san ƙa'idar nuna nisa da kusa da ake koyarwa a makarantu ba, don haka mutanensu a shimfiɗe suke, a jere, kowa da irin tsayuwar ɗan'uwansa, an cika wuraren da suka rage da furanni da ado. Masu ilimin birni sun daɗe suna ganin wannan a matsayin aikin jahilci. Skoczylas ya gane cewa tsarin ya dace da katako ƙwarai, domin katako ma ba ya son inuwa mai laushi, ya fi son baƙi sosai da fari sosai da layi mai maimaita kansa. Daga nan kundinsa na 'yan fashi ya fito a 1920, sai na yankin Podhale a 1921, wanda a cikinsa akwai fuskokin tsofaffin mutanen tsauni da ya sassaƙa tamojinsu layi-layi kamar ɓawon itace, kuma a ganina waɗannan fuskoki sun fi hotunan 'yan fashin ƙarfi.

Akwai kuma dalili na siyasa. Al'ummar da ta yi shekara 123 ba ta da ƙasa tana neman abin da za ta nuna ta ce wannan namu ne, ba na Jamus ko Rasha ko Faransa ba. Tun a shekarun 1890 wani mai zane, Stanisław Witkiewicz, ya fara gina gidaje a Zakopane bisa tsarin ginin mutanen tsauni da wannan niyya. A idon ɗan Folan na 1920, mutumin da ya hau tsauni ya ƙi bin umarnin daular baƙi alama ce ta 'yanci, kuma da wannan ido aka kalli hoton da muka buga.

Ra'ayina shi ne, Skoczylas ya zana tatsuniya ne, bai zana tarihi ba, kuma tatsuniyar ta yi wa 'yan fashin kwalliyar da ba su cancanta ba. Ɗan fashi na gaskiya ba ya tambayar ko wanda ya tare attajiri ne ko makiyayi, kuma mutanen da suka ɗanɗana wannan ba sa cikin hoton. Irin wannan kwalliya ba ta yiwuwa sai bayan waɗanda aka zalunta sun daɗe da shuɗewa. Saboda haka ban ga laifinka ba da ka kalli hoton da idon wanda abin yake ci masa tuwo a ƙwarya yau. Mun buga shi ne don ƙwarewar hannun da ya yi shi.

Tambaya: Wani abokina ya ce wannan mai zane ya taɓa cin lambar yabo a gasar Olamfik. Na ce masa wasa yake yi. Wa ke da gaskiya? (Daga wani mai karatu a Kumasi)

Abokinka ne ke da gaskiya. Daga 1912 zuwa 1948 gasar Olamfik tana da ɓangaren fasaha, inda ake gasa a zane da sassaƙa da tsarin gini da adabi da kiɗa, da sharaɗin aikin ya shafi wasanni. A gasar Amsitadam ta 1928 Skoczylas ya sami lambar tagulla da zanensa na fentin ruwa, ciki har da na maharbi da baka. Shekarar ta yi wa Folan kyau, domin a nan ne Halina Konopacka ta ci zinariya a jifan faifai, zinariyar farko da ƙasar ta taɓa samu a Olamfik, mawaƙi Kazimierz Wierzyński kuma ya ci zinariya a rubutacciyar waƙa. Ɗaliban Skoczylas biyu sun bi sawunsa: Janina Konarska ta sami azurfa a Los Anjeles a 1932, Stanisław Ostoja-Chrostowski kuma ya sami tagulla a Balin a 1936. An daina ba da lambobin ne bayan 1948, saboda masu fasaha da sana'arsu suke ci, alhali a wancan zamani Olamfik ta waɗanda ba sa karɓar kuɗi ce.

Tambaya: Malam, kun kira shi "malami". Shin koyarwar tasa ta bar wani abu, ko kuwa aikin albashi ne kawai ya riƙe don ya ciyar da gida? (Daga wani malami mai ritaya a Katsina)

Ranka ya daɗe, idan aka ce in zaɓi ɗaya tsakanin zanensa da koyarwarsa, koyarwar zan zaɓa. Shekara goma sha biyu kacal ya yi a kan kujerar, daga 1922 zuwa rasuwarsa, amma a cikinsu ne bugun katako ya tashi daga abin da mutum ɗaya ko biyu ke gwadawa ya zama fannin da aka san Folan da shi a waje.

Bai tsaya ga aji ba. A 1922 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Rytm, a 1925 kuma ya jagoranci kafa Ryt, ƙungiyar masu zanen bugawa, inda ya shigar da ɗalibansa su zauna kafaɗa da kafaɗa da manyan abokan aikinsa irin su Edmund Bartłomiejczyk, su baje ayyukansu tare a gida da waje. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin ɗalibi, domin da yawa daga masu baiwa ba rashin iyawa ke kashe musu gwiwa ba, rashin inda za su nuna aikinsu ne. Ya sa hannu wajen kafa cibiyar yaɗa fasaha ta Warso a 1930, ya riƙa rubutu a jaridu, kuma a 1933, shekara ɗaya kafin rasuwarsa, aka shirya baje kolin bugun katako na ƙasa da ƙasa a Warso bisa ƙoƙarinsa.

Babbar shaidar ingancin koyarwarsa ita ce ɗalibansa ba su fito kamarsa ba. Tadeusz Cieślewski, wanda ake kira ƙarami don a bambanta shi da mahaifinsa mai zane, ya duƙufa kan gine-gine da lunguna na tsofaffin birane, musamman tsohon garin Warso. Ostoja-Chrostowski ya koma ga layuka sirara, ya yi suna a zanen cikin littattafai da ƙananan tambarin da masu littafi ke liƙawa a bangon ciki don nuna mallaka. Konarska ta yi aiki da launuka, tana nuna filayen wasa kamar daga sama ake hango su. Wiktoria Goryńska ta zana dabbobi da labaran addini, ta kuma yi rubuce-rubuce kan fannin. Tadeusz Kulisiewicz kuwa ya je yankin da malaminsa ya yi suna da shi, ya zauna a wani ƙauye mai suna Szlembark, amma abin da ya fito da shi a kundinsa na 1931 talauci ne tsagwaronsa, mata da yara da tsofaffi a cikin duhun ɗaki, babu rawa babu ado. Ana iya cewa ɗalibin ya cike giɓin da malamin ya bari, irin giɓin da mai tambaya daga Gusau ya hango.

Ba kowa ne ya yaba masa a zamaninsa ba. Matasan da ke bin sabon salon zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai sun ɗauki aikin ƙungiyar Rytm a matsayin fasahar gwamnati, mai neman faranta wa hukuma rai da kayan gargajiya, kuma kasancewar Skoczylas ya riƙe muƙami a ma'aikata bai rage wannan zargi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a sukar, domin salon da aka ɗauko daga ƙauye yakan rasa ransa idan ya zama abin da ake bugawa a kowace takardar biki.

Bayan rasuwarsa tsohon malaminsa na Kraków, Leon Wyczółkowski, wanda ya haura shekara tamanin, shi ne ya karɓi kujerar har zuwa tasa rasuwar a 1936, daga baya ta koma hannun Ostoja-Chrostowski. Ƙungiyar Ryt ta ci gaba har 1939, lokacin da Jamus ta mamaye Folan. Yaƙin ya yi wa wannan makaranta mummunar ɓarna. Cieślewski ya mutu a boren da mutanen Warso suka yi wa mamayar Jamus a 1944, Goryńska ta mutu a sansanin tsare fursunoni na Jamus da ke Ravensbrück a 1945, ayyukan Kulisiewicz da katakansa kuma suka ƙone tare da birnin. Bayan yaƙin Kulisiewicz bai koma ga katako ba, ya zana kufan Warso da tawada a 1945, sannan ya zama farfesa a makarantar da ya yi karatu, ya koyar da wani sabon rukuni, ya rayu har 1988. Ta wannan sarƙa ce fannin ya tsira, kuma a 1966 birnin Kraków ya fara shirya baje kolin zanen bugawa na duniya, wanda har yau ake yi, yanzu duk bayan shekara uku.

Tambaya: A ina zan ga ayyukansa, kuma zan iya gwada wannan sana'a ba tare da injin ba? (Daga wata ɗaliba a Kano)

'Yar'uwa, manyan gidajen tarihi na ƙasa da ke Warso da Kraków suna da ayyukansa, kuma da yake ya rasu fiye da shekara saba'in, haƙƙin mallakarsu ya ƙare, don haka za ki sami da yawa a intanet idan kika rubuta sunansa, har da ɗakin karatu na intanet na ƙasar Folan mai suna Polona. Ki nemi kundinsa na tsohon garin Warso na 1930, ki kwatanta shi da na 'yan fashi, za ki ga yadda hannunsa ya ƙara laushi cikin shekara goma.

Game da gwaji kuwa, ba kya buƙatar inji. Ki sami guntun katako mai santsi marar kulli a wurin kafinta, ko leda mai kauri irin ta shimfiɗar ƙasa wadda ta fi sauƙin yanka, da ƙaramar wuƙa mai kaifi, da tawadar masu ɗab'i. Ki fara da siffa mai sauƙi, ki riƙa tura wuƙar gaba, hannunki na hagu yana bayanta kullum don kada ki yanke. Ki shafa tawadar sirara, domin idan ta yi yawa za ta cike layukan da kika sha wahalar yankawa. Ki ɗora takarda marar kauri, ki goge bayanta da bayan cokali a zagaye, ki ɗaga gefe ɗaya ki duba kafin ki cire ta gaba ɗaya. Idan kina son rubutu a jiki, ki rubuta shi a takarda mai shara-shara, ki kife ta a kan katakon, sannan ki bi layin da wuƙa.